Ruwan jini da gyaran ƙashi

A ɗakin gwajin da nake aiki a Gusau, kullum ina kallon jini ya daskare cikin kwalba, wani ruwa rawaya-rawaya ya taso sama, wato ruwan jini. Da irinsa masu bincike ke ciyar da ƙwayoyin asali na ɓargo, wato ƙwayoyin halittar da ke iya rikiɗa su zama wasu iri, cikin ɗumin digiri 37, har su yawaita, sannan a karkatar da su su zama masu gina ƙashi, don a saka su a jikin majinyaci su gyara ƙashinsa.

An saba yin haka da ruwan jinin ɗan tayin saniya, amma akwai fargabar cutar dabbobi, kuma jiki kan iya ƙin karɓa. Ni dai na majinyacin kansa ya fi kwanta mini a rai. Matsalar ita ce tsada da kayan aiki. Ɗan kabu-kabun da ya karye a Tsafe, har gobe wurin mai ɗori za a kai shi.