Tun daga nesa ake fara sauka

Sauka ta arba'in da wani abu ce ta sa na saki sitiyari na zauna ina kallon allo. Jirgin ya taɓa ƙasa ya yi tsalle, ya faɗo a kan tayar gaba, ya sake wani tsallen da ya fi na farko, daga nan ya karkace ya bar kwalta ya faɗa ciyawa. Ƙaramin jirgi ne, Cessna 172, a cikin na'urar kwaikwayon tuƙi ta kwamfuta, amma gabana ya faɗi kamar da gaske. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san inda laifina yake ba. Tashi bai ba ni wahala ba, cikin kwana biyu na iya. Juya jirgi a sama da riƙe shi a tsayi ɗaya ma sun zauna a hannuna cikin mako guda. Sauka kuwa ta ƙi.

Makonni na yi ina zargin daƙiƙa biyar na ƙarshe. Yau in ce na yi saurin ɗaga hanci, gobe in ce na makara. Sai da na nuna wa wani dattijo, tsohon matuƙin jirgi, hoton bidiyon saukata, sannan na fahimta. Bai ko tsaya kallon inda na yi tsallen ba. Ya mayar da hoton baya, can inda titin jirgi yake ɗan ƙarami a gilashi, wajen mil biyu kafin a iso, ya ɗora yatsa a kan agogon gudu.

"Ɗana, nawa ka gani a nan?"

Na ce, "Tamanin ne, Baba."

"Fitilun gefen titi fa?"

"Duka huɗun farare ne."

Ya ce, "To a nan ka ɓata saukarka. Sauran duk biyan bashi ne."

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Wannan karin magana na sha jin sa, amma ban taɓa ganin sa ƙiri-ƙiri irin na ranar ba.

Gudun jirgi da not ake auna shi, not ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa. Cessna 172 yana son ya tunkari titi da gudun not 60 zuwa 70 idan an sauke masa filaf, wato faifan bayan fiffike da ke ƙara masa ɗauka ya kuma rage masa gudu. Ni kuwa da tamanin nake shigowa, don a raina gudu shi ne tsira, ina tsoron kada fiffike ya daina ɗaukar jirgin ya rikito. Ban san cewa ƙarfin da ke tattare da abu mai tafiya ba kai-da-kai yake ƙaruwa da gudu ba, ninkin gudun a kansa yake bi. Daga 65 zuwa 80 kamar ƙari ne kaɗan, alhali ƙarfin da ke tattare da jirgin ya ƙaru da kusan rabi. Ga shi kuma idan jirgi ya matso ƙasa, ƙasa da faɗin fukafukansa, wajen ƙafa 36 a wannan jirgin, jan da iska ke yi masa baya yana raguwa, sai ya riƙa shawagi a saman kwalta ya ƙi sauka. Titi na ƙarewa, haƙurina na ƙarewa, sai in tura hanci ƙasa da ƙarfi. Tayar gaba ta riga sauran taɓawa, tsalle ya fara.

Fitilun nan da Baba ya nuna mini, waɗanda matuƙa ke kira PAPI, guda huɗu ne a jere a gefen titi. Fari biyu ja biyu, kana kan hanya. Fari huɗu, ka yi sama da yawa. Ja huɗu, ka yi ƙasa, kuma wannan ne mai haɗari. Hanyar da suke nunawa a mafi yawan filayen jirgi gangara ce ta digiri 3, wato ka sauko kusan ƙafa 300 a kowane mil na teku (kilomita 1.852). Akwai lissafin kai mai sauƙi da na riƙe: ka ninka gudunka a ƙasa sau biyar, ka sami ƙafa nawa za ka riƙa saukowa a minti ɗaya. A not 65, ƙafa 325 ke nan. Babban jirgi mai not 140 zai sauko ƙafa 700. Da na fara ɗaukar waɗannan lambobi a kaina, sauka ta daina zama caca.

Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne wanda ya saɓa wa hankalin mai tuƙa mota. A mota totur ne gudu. A ƙaramin jirgi mai tunkarar titi, an koya mini in riƙe gudu da hanci, in riƙe gangara da totur. Idan na ga na yi ƙasa, hannuna da kansa yake son ya ja sitiyari baya. Hanci zai ɗaga, jirgi ya ɗan yi sama na daƙiƙa biyu, gudu ya zube, sannan ya nutse fiye da da. Abin da ya dace shi ne in ƙara wuta kaɗan, in bar hanci a inda yake. Na san wannan a baki tun mako na farko, amma sai da na yi wata guda kafin hannuna ya yarda. Kuma bai yarda ba sai da na koyi amfani da tirim, ɗan ƙaramin faifan wutsiya da ke ɗauke wa hannu nauyin sitiyari. Jirgin da aka daidaita wa tirim a not 65, ko ka sassauta hannu, nan zai nemi ya zauna. Kafin nan kokawa nake yi da jirgi tun daga sama har ƙasa, mai kokawa kuwa ba ya ganin komai sai abokin karawarsa.

Sai maganar ido. Akwai manyan fararen zane guda biyu a kan titi, wajen ƙafa 1,000 daga bakinsa, su ne abin saiti. Idan suna hawa sama a gilashi, ba za ka kai gare su ba. Idan suna zamewa ƙasa, za ka wuce su. Idan sun tsaya cak a wuri ɗaya suna girma kawai, can ka nufa. Amma da zarar an ƙetare bakin titi an janye wuta, dole ido ya bar su ya koma can ƙarshen titi. Mai kallon kwaltar da ke gaban hanci ba ya iya auna tsayinsa, ƙasa ce kawai ke gudu a idonsa. Mai kallon nesa yana ganin yadda jirgi ke nutsewa a hankali, sai ya riƙa jan sitiyari kaɗan-kaɗan, kamar mai hana jirgin sauka, har gudu ya ƙare manyan tayoyi biyu su zauna da kansu, ta gaba ta biyo baya.

Iskar gefe babi ce mai zaman kanta, ba zan tsawaita ba. Ana tunkarar titi a karkace, hanci na fuskantar iska, tafiyar ƙaguwa ke nan. Dab da taɓawa a miƙe hanci da feda, abin takawa da ƙafa mai karkata hanci hagu ko dama, a kwantar da fiffiken da ke wajen iska. Har yau idan ta haura not goma sai na yi gumi.

Inda na'urar kwaikwayo ta so ta cuce ni shi ne maɓallin sake farawa. Tunda faɗuwa ba ta da ciwo, sai na saba da cewa kowace tunkara dole ta ƙare a ƙasa, ko ta yi kyau ko ta lalace. In na fasa jirgi in danna maɓalli in dawo sama. Wannan mummunar tarbiyya ce, kuma ina ganin duk mai koyo a kwamfuta ya kamata ya ji tsoronta fiye da kowane kuskuren hannu. A tuƙin gaske akwai ƙa'ida: idan jirgi ya sauko ƙafa 1,000 cikin gajimare, ko ƙafa 500 a sarari, kuma gudunsa ko gangararsa ko saitinsa bai daidaita ba, a fasa sauka, a ba da wuta duka, a sake zagayowa.

Na karanta labarin jirgin Asiana mai lamba 214, ƙirar Boeing 777, wanda ya yi haɗari a San Faransisko ranar 6 ga Yuli, 2013. Gari garau, ba hazo ba hadari. Na'urar rediyo ta ƙasa mai nuna wa jirgi gangara ba ta aiki a ranar, matuƙan suna saukowa da ido. Gudun da ya kamata su riƙe not 137 ne, ya zube har wajen 103, suna zaton na'urar totur tana riƙe musu shi. Sun yanke shawarar fasa sauka, amma a makare. Wutsiyar jirgin ta bugi katangar bakin teku, mutum uku suka rasu cikin 307 da ke ciki. Ƙwararru ne masu dubban awoyi a sama. Da na gama karantawa na daɗe shiru, domin abin da ya same su ɗan'uwan abin da nake yi kullum ne a ɗakina ina danna maɓalli.

Ban ce na'urar ba ta da amfani ba. Tun 1929 da Edwin Link ya ƙera tasa a Amurka ake horar da matuƙa a ƙasa, kuma a yau manyan kamfanoni a irin waɗannan na'urori suke gwada matuƙansu. Tawa ta tebur ba ta ba ni jin nutsewar jirgi a jiki, ba ta ba ni ganin gefen ido yadda ya kamata, na san iyakarta. Amma tana koyar da tsari da lissafi da ɗabi'a, kuma ɗabi'ar da ka shuka a cikinta ita za ka ɗauka ka fita da ita.

Saboda haka na kafa wa kaina doka. Na daina taɓa maɓallin nan. A ƙafa 500 nakan faɗa da baki, ko da ni kaɗai ne a ɗaki: gudu, fitilu, saiti. Idan ɗaya ya kauce, na fasa.

Daren jiya na tunkari titi mai lamba 27, wanda ke fuskantar yamma, da 'yar iska daga dama. A ƙafa 500 agogo ya nuna 76, fitilu uku farare. Titin dogo ne, da na matsa da na sauka ko ta yaya. Na tura totur har ƙarshe, na rage filaf mataki-mataki, na hau ƙafa 1,000, na zagayo ta hagu. Minti shida ya ɗauke ni. A karo na biyu agogo ya tsaya a 65, fari biyu ja biyu tun daga kwana har bakin titi, ƙarar tayoyi kawai na ji.