Kitsen hanta: abin da gado ke yi da abin da ba ya yi

A sashen ɗaukar hoton ciki inda nake koyon aiki a nan Maradi, ba abin da ke ɗaure wa mutane kai kamar a ce hantarsu ta yi kitse. Sai ka ji dattijo ya ce, "Yarona, ni fa giya ba ta taɓa shiga bakina ba." Gaskiyarsa ne. Wani ma siriri ne, gwajin kitsen jininsa kuma lafiya lau.

Irin waɗannan ne suka tura ni karatu. Ashe hanta kamar siton ɗan kasuwa take: kitse na shiga, a ƙone wani, sauran a ɗaure shi a tura cikin jini. In kitsen da ya maƙale ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin hantar, ciwo ya samu. Gado kuwa a ƙofar fitar yake aikinsa.

A 2008 wani bincike a birnin Dalas na Amurka ya gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna PNPLA3. Mai ɗauke da shi, sinadarin da ƙwayar ke haɗawa yakan taru a jikin ɗigon kitsen da ke cikin hanta, ya hana a narka shi. Sauyin ya fi yawa ga mutanen Latin Amurka, ya fi ƙaranci ga masu asalin Afirka, amma ƙaranci ba rashi ba ne.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne TM6SF2, da aka gano a 2014. Nan hantar ce ke kasa tura kitse cikin jini yadda ya kamata. Sai jini ya fito tas a takardar gwaji, haɗarin ciwon zuciya ma ya ɗan ragu, alhali kitsen na can ya cunkushe hanta. Tun da na gane haka, takarda mai kyau ba ta isa ta sa in ce wa mutum ya je ba komai.

Amma ba na son a fake da gado. Illar PNPLA3 kaɗan ce ga marar jiki. Ƙiba ce ke ruɓanya ta. Mu kuwa garinmu ana ganin tumbi alamar wadata ce, ga shayi da sukari ya yi masa katutu, ga lemun kwalba a kowace walima, kuma hanta ce ke juya wani ɓangare na wannan zaƙi ya koma kitse. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki yana sauke kitsen hanta sosai, har kumburinta ya lafa.

Gwajin gado ba shi ne a gabanmu ba, ga tsada. Abin da maigidana a aiki ya ɗora ni a kai shi ne: a fara duba ciwon hanta nau'in B, don ya yi yawa a Nijar, a gwada sukarin jini, a auna ƙugu, sannan a tambayi mutum ko akwai wanda ciwon hanta ya taɓa kwantarwa a gidansu.