Tarkon da ke aiko saƙo, da irin amfanin da zai yi mana a Bauchi

Sana'ata haɗa sola da kyamarorin tsaro a nan cikin garin Bauchi, shi ya sa duk na'urar da za ta yi aiki a daji, inda babu wutar lantarki kuma sabis ɗin waya sai an hau tudu, tana jan hankalina. Wadda ta tsaya mini a rai kwanan nan wata 'yar akwati ce da ake ɗaura wa tarko. Da zarar tarkon ya kama, sai ta aika wa mai shi saƙo a waya.

Aikinta ba shi da wani sarƙaƙiya ga wanda ya taɓa haɗa ƙararrawar ƙofa. Ana manna maganaɗisu a jikin murfin tarkon, a sa makunni a gefensa. Murfi na faɗuwa maganaɗisun ya rabu da makunnin, akwatin ta farka ta harba ɗan gajeren saƙo ta rediyo mai cin batir kaɗan. Saƙon yana tafiya kilomitoci zuwa wata uwar na'ura da aka kafa a kan tsauni, ita kuma ta miƙa shi ta layin waya ko ta tauraron ɗan'adam. Abin da ya fi burge ni shi ne ko tarko bai kama komai ba, akwatin takan aiko da alamar cewa tana nan da ranta lokaci-lokaci. Idan alamar ta ɗauke, mai tarko ya san akwai matsala, dole ya taka ya je ya duba da idonsa. A aikinmu na kyamara mun san illar na'urar da ta mutu shiru mai gida yana barci da tunanin tana gadi.

Mutanen Niyu Zilan ne suka fi kowa dagewa a kan wannan fasaha, kuma suna da dalili. Kafin mutum ya isa tsibiransu, ban da jemage babu wata dabba mai shayarwa da ke zaune a doron ƙasar. Tsuntsayensu da yawa a ƙasa suke ƙwai, wasu ma ba sa tashi, irin su kiwi. Sai ɓeraye suka shigo ta jiragen ruwa, aka kawo wata dabba mai hawan bishiya mai suna fosam daga Ostireliya a 1837 don fatarta, a shekarun 1880 kuma aka saki wata 'yar dabba siririya mai suna sitot don ta rage zomaye, ita kuwa ta koma kan tsuntsaye. A dajin da ba a ɗana tarko, cikin 'ya'yan kiwi 100 kusan 5 ne kawai ke kai wa girma. A 2016 gwamnatinsu ta ɗauki alkawarin kawar da waɗannan baƙin dabbobi kafin 2050. Dubban tarkuna ke nan a cikin duwatsu da kwazazzabai, kuma yawancin tafiyar da ma'aikaci zai yi ya duba su, tarko wayam zai tarar. Nan tsare-tsaren tarko mai aiko saƙo irin su Celium na kamfanin Encounter Solutions suka samu shiga: a je inda aka kama kawai.

Amma ni ba ragin tafiyar ne ya fi taɓa ni ba. Dokarsu ta kula da dabbobi ta 1999 ta ce tarkon da ke kama dabba da rai sai an duba shi kullum, cikin awa 12 bayan fitowar rana. Wanda ya sa na'urar sa ido da za a iya dogara da ita an ɗauke masa wannan zirga-zirgar, da sharaɗin ya isa wurin dabbar cikin awa 24 da kamata. Wato ko dabbar da suka yanke wa hukuncin kisa ba su yarda a bar ta tana galabaita ba. Mu da muka tashi da hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ba ta abinci ba kuma ba ta sake ta ta nemi nata ba, ai mun fi kowa cancantar riƙe wannan.

Baffana yana da gidan kaji a kan hanyar Alkaleri. Tunku ya addabe shi, ya sa wani maƙeri ya haɗa masa tarkon keji, ya ɗana a bayan katanga da kan kaza a ciki. A cikin watan Afrilu ne, lokacin da ƙarfe ba ya taɓuwa da rana tsaka. Rasuwa ta kai shi Gombe, yaron gona kuma bai leƙa bayan katangar ba. Ranar da na je gyara masa batirin rijiyar burtsatse muka zagaya tare, muka tarar da tunkun a mace. Hancinsa duk ya saluɓe wajen tura waya, faratansa sun karye, ƙasar da ke ƙarƙashin kejin ya tone ta iya inda hannunsa ya kai. Baffa ya daɗe a tsaye kafin ya ce, "Wallahi ɗana, kajina nake karewa, ban yi niyyar azabtar da shi ba." Na ce, "Na sani, Baffa." Saƙo guda ɗaya a waya da ya wadatar a ranar da murfin ya faɗi.

Sai dai akwai inda nake jin tsoron mu kwaikwayi mutanen nan ido rufe. Su yaƙinsu da baƙi ne, dabbobin da aka shigo da su daga wata nahiya. A Ostireliya kyanwowin da suka koma daji suna da hannu a ƙarewar nau'o'in dabbobi masu shayarwa fiye da 20, har aka ƙera wata na'ura mai suna Felixer da ke gane siffar kyanwa ta fesa mata guba a jiki, ta lashe ta mutu. Mu kuwa tunku, dila, kura, damisa da zaki duk 'yan gida ne, da su aka halicci dajinmu. Yankari na ɗaya daga cikin wurare biyu da zaki ya rage a Najeriya, ɗayan shi ne gandun Kainji. Guba kuma mun riga mun ga aikinta: a zuba wa mushe don kura, ungulu ta sauka ta ci ta mutu. Duk wanda ya girma yana ganin ungulaye a mahauta ya san yanzu sai an yi da gaske a ga ɗaya.

Baƙon da ya kamata mu sa wa ido a bakin dajinmu shi ne karen da ba shi da mai shi. Yana bin ƙananan dabbobi, kuma yana ɗauke da ciwon hauka da wasu cututtuka. A 1994 wata cutar karnuka ta shiga zakunan Serengeti a Tanzaniya ta kashe kusan 1,000, wajen kashi ɗaya cikin uku ke nan, daga baya aka koma yi wa karnukan ƙauyukan da ke kewaye allurar rigakafi. Zakunan Serengeti suna da yawan da suka farfaɗo. Na Yankari ba su da wannan yawan. Tarkon keji mai aiko saƙo zai ba likitan dabbobi damar kama irin waɗannan karnuka ya yi musu allura, idan kuma ɗan dawa ne ya faɗa ciki a buɗe masa tun rana ba ta yi zafi ba.

Ba daga tushe za a fara ba. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aikin kula da Yankari tare da gwamnatin jihar Bauchi, masu gadin dajin suka riƙa shigar da bayanan sintiri a wata manhaja mai suna SMART, an kuma sa wa wasu giwaye kwala mai aiko da inda suke ta tauraron ɗan'adam. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, ba wanda zai iya zagaye shi da ƙafa kullum.

Na san abin da zai ci na'urar a nan, domin shi ke cin kayan da nake haɗawa. Zafin bazara yana kumbura batir. Ƙurar hunturu tana rufe fuskar sola cikin 'yan kwanaki. Gobarar daji ba ta barin roba, biran Wikki, wurin maɓuɓɓugar ruwan ɗumi da ke cikin Yankari, kuwa duk abin da ya yi ƙyalli sai sun ɓalle shi, sannan ga masu kwance sola su kai kasuwa. Duk waɗannan da maganinsu: akwatin ƙarfe mai inuwa, a ɗaga uwar na'ura sama, a ba wani ɗan ƙauyen amanar kula da ita a kuma biya shi. Wanda ya fi wuya shi ne mutumin da zai amsa kira. Idan saƙo ya shigo bayan sallar asuba, sai an samu wanda ke da babur, da mai a tanki, da sanin yadda ake tunkarar dabbar da ta firgita a keji.

A gonar Baffa zan fara gwadawa, tunda can akwai sabis kuma ba a buƙatar rediyo: makunnin ƙararrawar ƙofa, ƙaramin allo mai ɗaukar layin waya, batir da 'yar sola. Saƙon zai shiga wayar Baffa da ta yaron gona a lokaci guda. Mun kuma yi magana a mayar da kejin ƙarƙashin dalbejiya a ajiye ruwa a ciki, sannan a toshe ramukan gindin katangar da tunkun ke bi.