Abin da sirdin keke ya yi mini

Satin da ya wuce na taka keke daga Tawa zuwa Ƙonni, kilomita sama da 100, wallahi tun Badagishiri matsematsina ke zafi kamar an zuba barkono, da na isa fatar ta saɓule, washegari ƙurji ya fito. Gumi ne da gugar ɗinkin wando, ga sirdin ya yi tsawo ina ta karkata. Kwana biyar ban hau ba, in wanke da sabulu in bar wurin ya bushe, ban matse ba sam. Yanzu man kaɗe nake shafawa kafin in fita, na rage tsawon sirdin, ina miƙewa kan feda jefi-jefi. Ƴan uwa in naku ya tara mugunya ko zazzaɓi ya biyo, a ga likita don Allah.