Mai kai hari a muhawarar fid da gwani ba shi ke kwasar ganima ba

Muhawarar fid da gwanin shugaban ƙasa a Amurka faɗan 'yan gida ɗaya ne. Jam'iyya ɗaya, manufofi kusan iri ɗaya, don haka abin da mai kallo ke aunawa shi ne hali: wa ke da natsuwa idan an tsare shi. A Najeriya galibi daliget ne suka riƙa yanke hukunci a filin taro, can kuwa magoya baya ne ke jefa ƙuri'a jiha bayan jiha, shi ya sa dare ɗaya a talabijin kan ɗaga mutum ko ya kayar da shi.

Abu na farko da mai nazarin waɗannan muhawarori zai koya shi ne lissafin lokaci. A watan Yunin 2019 jam'iyyar Democrat ta tara 'yan takara 20 a Miami, goma-goma cikin dare biyu. Amsa sakan 60 ce, ƙarin bayani sakan 30. A dare na biyu Joe Biden ya samu sama da minti 13, Andrew Yang kuwa kusan minti 3 kacal. Waɗanda ke gaba a ƙuri'ar jin ra'ayi su ake tsayarwa a tsakiya. Ga al'ada kuma, wanda aka soka da suna ana ba shi damar ramawa. Saboda haka na gaba yakan guji kiran sunan kowa, don kada ya yi kyautar lokaci, na gefe kuma yakan tsokani na tsakiya da gangan domin kyamara ta haɗa fuskokinsu.

Da yake lokacin kaɗan ne, kowa da haddarsa yake zuwa, kuma nan tarkon yake. Ranar 6 ga Fabrairun 2016, a muhawarar jam'iyyar Republican a jihar New Hampshire, Chris Christie, wanda tsohon mai gabatar da ƙara ne, ya tasa Sanata Marco Rubio a gaba. Sai da ya fara gaya wa masu kallo abin da za su gani: cewa wannan sanata jawabin sakan 25 aka haddace masa, ba shi da wani abu bayansa. Rubio ya buɗe baki, sai ga jimlar da ya riga ya faɗa game da Obama ta sake fitowa, kusan kalma da kalma. Christie ya katse shi, ya ce wa jama'a ga ta nan, kun ji. Ƙarfin dabarar shi ne ba Christie ya kawo shaida ba, wanda ake zargi ne ya miƙa ta da bakinsa. Rubio, wanda ya zo na uku a zaɓen jihar Iowa yana tashe, ya faɗo na biyar a zaɓen New Hampshire bayan kwana uku.

To amma Christie fa? Na shida ya zo, washegari ya janye. John Kasich, wanda ya kauce wa cacar bakin, shi ya zo na biyu. A ganina wannan ne darasin da aka fi mantawa da shi. Idan mutum biyu ne a fage, ƙuri'ar da ta bar ɗaya ko dai ta koma ga ɗayan ko ta zauna a gida. Idan bakwai ne, wanda ya yanke ƙauna da Rubio yana da ƙofofi da yawa, kuma ba lallai ya shiga ta wanda ya ga yana tozarta ɗan'uwansa ba. Haka ta faru a Las Vegas ranar 19 ga Fabrairun 2020, inda Elizabeth Warren ta ragargaji attajiri Michael Bloomberg kan yarjejeniyoyin rufe baki da wasu mata ma'aikatansa suka sa wa hannu. Bloomberg ya janye ranar 4 ga Maris, ita kuma ranar 5.

Kamala Harris ta gwada wata hanya a muhawarar Miami ta 2019: ta naɗe harin cikin labarin yarintarta. Ta soki Biden kan adawarsa ta shekarun 1970 da tilasta jigilar ɗalibai a bas don cakuɗa baƙaƙe da farare a makarantu, ta ba da labarin wata yarinya a California da aka riƙa kaiwa makaranta a irin wannan bas, sannan ta ce ita ce yarinyar. Labarin rayuwa yana da wuyar musantawa, kuma farin jininta ya tashi nan take. Sai dai da 'yan jarida suka tambaye ta nata matsayin a yau, amsar ba ta yi nisa da ta Biden ba. Ta janye ranar 3 ga Disamba, tun ba a jefa ƙuri'a ko ɗaya ba.

Harin da ya fi biyan mai shi shi ne wanda aka kai wa wani na waje, wanda magoya baya dama ke jin haushinsa. Ranar 19 ga Janairun 2012 a Charleston da ke jihar South Carolina, John King na CNN ya buɗe muhawarar Republican da tambayar Newt Gingrich kan zargin da tsohuwar matarsa ta yi masa. Gingrich ya juya kan 'yan jarida, ya ce abin kunya ne a fara muhawarar shugaban ƙasa da irin wannan. Zauren ya miƙe tsaye yana tafi. Bai taɓa abokin takara ko ɗaya ba, don haka bai ɓata wa magoya bayan kowa rai ba, kuma bayan kwana biyu ya lashe South Carolina.

Ita ma wannan dabarar da tafin zaure take rayuwa. A muhawara ta gaba a Tampa da ke jihar Florida, NBC ta roƙi masu kallo su yi shiru. Mitt Romney ya zo da shiri, ya yi ta jifan Gingrich kan kuɗin da ya karɓa daga kamfanin lamunin gidaje na Freddie Mac, babu sowar da za ta rufe wa Gingrich baya. Gingrich ya yi ƙorafi a kan dokar shirun washegari, kuma ranar 31 ga Janairu Romney ya cinye Florida.