Godiya ga waɗanda suka zagaya da mu Haidarabad

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, mun dawo gida lafiya daga Indiya, aikin gwiwar da aka yi wa Hajiyarmu ya yi kyau, tana takawa da sanda. Duk wanda ya kira, ya turo saƙo ko ya sa mu a addu'a, Allah Ya saka masa da alheri.

Godiya ta musamman ga ƙannenmu ɗalibai da ke karatu a Haidarabad. Da likita ya ce Hajiya ta fara motsa ƙafa, su suka ce ba za mu bar garin ba mu san komai sai harabar asibiti. Suka bar hutunsu, suka nemo keken guragu, suka yi mana jagora.

Charminar muka fara zuwa, ginin nan mai hasumiya huɗu da Sarki Muhammad Kuli Kutub Shah ya gina a 1591, shekarar da ya kafa birnin. Kusa da shi akwai Masallacin Makka, wanda ake cewa an yi wasu tubalansa da ƙasar da aka ɗebo daga Makka. A farfajiyarsa akwai kaburburan sarakunan Nizam, waɗanda suka mulki ƙasar Haidarabad har 1948 da aka haɗe ta da Indiya. Hajiya ta tsaya ta yi musu addu'a, tantabaru na ta sauka kusa da kekenta.

A kasuwar Lad Bazar kuwa, ku ƙannena mata, Allah Ya yi muku albarka. Ba don ku ba da mun sha tsada, don farashin farko da ake faɗa wa baƙo daban ne. Kun kai mu can cikin lungu, wurin wani dattijo mai yin awarwaro da hannu. Ƙaro yake narkawa a kan garwashi, ya murza shi ya yi tsawo, ya lanƙwasa, sannan ya ɗauki ƙananan duwatsun gilas ɗaya bayan ɗaya yana dasawa tun ƙaron na da zafi. Ya auna hannun Hajiya da ido kawai, awarwaron ya shiga daidai. Ya ƙi karɓar kuɗin nata, ya ce a bar shi a matsayin sadakar samun lafiya. Ko sunansa ba mu sani ba, amma Allah Ya san shi, Ya buɗa masa kasuwa.

Fadar Chowmahalla ma mun shiga, mun ga zauren da Nizam ke zaman fada da tsofaffin motocinsa. Kyau kam akwai, sai dai Hajiya ta gaji, muka taƙaita.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne Ganuwar Golkonda, wata tsohuwar fada mai ganuwa a kan dutse. Matakalar hawa sun haura 300, Hajiya ba za ta iya ba, kuma na ga ranta ya so. Sai ɗaya daga cikin samarin ya zaunar da ita ƙarƙashin ƙubbar ƙofar shiga, ya ce, "Mama, idan sun kai sama zan gaya miki, sai ki tafa." An gina wurin ne yadda tafi ɗaya daga nan zai kai har can ƙoli, da haka masu gadi ke sanar da fada a zamanin da idan akwai haɗari. Muna sama muka ji tafinta sarai. Ƙanina, ka haƙura da hawan don ka zauna da ita, ban manta ba.

Mai adaidaitar da ya riƙa jiran mu ba tare da ƙarin rupi (kuɗin Indiya) ko ɗaya ba, shi ma mun gode. Ku kuma ɗalibanmu, Allah Ya ba ku sa'ar jarrabawa, Ya dawo da ku gaban iyayenku lafiya. Hajiya ta ce duk wanda ya zo hutu a cikinku ya biyo ta gida, tana son ta gan ku ta sa muku albarka da bakinta.