Kogin Ƙanƙarar Alaska a Idon Mazaunin Jidda

A watan Yuni ni da maiɗakina muka bar zafin Jidda, muka hau jirgin ruwan yawon buɗe ido daga Siyatil ta Amurka zuwa Alaska, domin mu ga kogin ƙanƙarar Margerie da ke gandun Glacier Bay. Hukumar gandun ba ta barin manyan jirage fiye da biyu su shiga a rana, kuma da sassafe ma'aikatanta suka hauro jirginmu daga ƙaramin jirginsu suna yi wa fasinjoji bayani. A bakinsu na ji cewa a 1794, lokacin da jiragen George Vancouver, ɗan Birtaniya mai binciken teku, suka ratsa yankin, mashigin tekun cike yake da ƙanƙara, amma yau ta ja da baya fiye da kilomita 100.

Da jirgi ya tsaya sai ga bangon ƙanƙara tsaye a gabanmu, tsayinsa a saman ruwa ya kai mita 60, faɗinsa kuwa ya haura kilomita ɗaya. Ba fari fat ba ne yadda ake zato, domin akwai baƙaƙen layuka na tsakuwar da ya kankaro daga duwatsu, cikin tsagoginsa kuma shuɗi ne kamar an tsoma su a marina. Dusar ƙanƙara ce da ta danne juna shekaru aru-aru har iskar cikinta ta fice. Idan wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa teku, ƙararsa ba ta isowa sai bayan ya riga ya nutse, saboda haka wanda ya jira ya ji tsawa kafin ya ɗaga kai, kumfa kawai zai tarar. Idon mutum ya kamata ya zauna a kan bangon, waya kuma ta koma aljihu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwan daɗi ne zalla yake zubewa cikin na gishiri, alhali mu a Jidda sai an tace ruwan Bahar Maliya a tashar Shu'aiba kafin ya iso famfo.

Sanyin da ke busowa daga ƙanƙarar yana ratsa jallabiya nan take, don haka riguna masu kauri bisa juna da safar hannu wajibi ne ga mai son tsayawa a sarari. Sallah ma tana bukatar shiri, domin rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, jirgin kuma yana juyawa a hankali don kowane gefe ya gani, sai alƙibla ta riƙa sauyawa. Mun jinkirta azahar har ya miƙe hanya.